Zaɓen Makami a Farautar Manyan Namun Daji: Daga Sango Zuwa Bindigar Zamani

Gabatarwa

Farauta na daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Barbushe, jagoran mazauna Dutsen Dala, mutum ne da ya yi suna wajen kashe giwa da sanda. Ko da an ɗauki wannan a matsayin kambamawa irin ta mutanen da, ya isa shaida cewa kakanninmu suna auna jaruntaka da girman dabbar da mutum ya kayar. Wannan maƙala za ta duba yadda maharba suke zaɓen makamin da ya dace da giwa da ɓauna da gwanki, da yadda wannan zaɓi ya fita daga hannun maharbi ya koma hannun hukuma.

Baka da Bindigar Toka

Kafin bindiga ta yawaita, maharbi da kwari da baka yake shiga daji. Ƙarfin kibiyarsa yana cikin dafin da aka shafa mata, wanda ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe har ya kusanci dabba, domin kibiya ba ta da amfani daga nesa.

Bindiga ta daɗe da shigowa Kano. Tarihi ya nuna Sarkin Kano Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Irin wadda ta kai hannun maharba ita ce bindigar toka, wadda ake ɗura mata albarushi da darma ta baki. Cikin bututunta sumul yake, saboda haka harsashi ba ya tafiya saiti idan an yi nisa, kuma sake ɗura ta yana ɗaukar lokaci. Wannan ne ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Tana kayar da gada da barewa, amma giwa mai kaurin fata da ƙashi takan tafi da darmar a jikinta, ko ta juyo kan mai harbin.

Maharban Hausa sun warware wannan matsala da sango. Sango wani gajeren mashi ne mai dafi da ake zurawa a bakin bindiga a maimakon darma. Albarushi ya tura shi ya huda fata, dafi kuma ya ƙarasa aikin, maharbi ya bi sawu har inda giwar ta faɗi. Da wannan dabara Hausawa suka yi farautar giwa a ƙasar Adamawa a ƙarni na 19. Haure mai yawa ya biyo ta Kano, inda fataken Gadamus suke saye su ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus.

Lissafin Turawa

Turawa sun bi wata hanya dabam. Bindigarsu tana da zane mai murɗewa a cikin bututu, wanda ke juya harsashi ya tafi saiti, don haka hankalinsu ya koma kan faɗin bakin bindiga da nauyin harsashi. Lambar da ake kiran bindiga da ita, kamar .303 ko .375, awon faɗin nan ne da inci. A shekarar 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da harsashin .375, mai faɗin kimanin milimita 9.5, wanda ƙasashen Afirka da dama suka ɗauka a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari giwa ko ɓauna da shi. Dalilin haka shi ne ƙaramin harsashi yakan raunata dabba ya bar ta da rai, ita kuwa ɓauna mai rauni ta fi lafiyayya haɗari. Duk da haka wani maharbi ɗan Sikotilan, W.D.M. Bell, ya kashe giwaye kimanin 1,000, akasarinsu da ƙaramin harsashin .275, saboda ya san daidai inda ƙwaƙwalwar giwa take. A nan iliminsa ya haɗu da na maharbin Hausa: sanin dabba da iya kusantarta sun fi girman makami.

Doka ta Karɓe Zaɓi

Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wannan yanki na Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa bindigar ƙanƙara. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 an ci gaba da wannan tsari. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindiga gida uku: waɗanda aka haramta, waɗanda mutum zai riƙe da lasisi, da waɗanda ake ɗurawa ta baki. A cikin na farko ta ambaci bindigogin soja masu awon .303 da milimita 7.62. Ta haka al'amarin bindigar maharbi ya zama na 'yan sanda, waɗanda hedikwatarsu ta Jihar Kano take a Bompai.

Dabbar ma doka ta shiga tsakaninta da maharbi. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka mayar da dajin Falgore wurin kare namun daji, sannan dokar soja ta 1985 ta hana farautar dabbobin da ke neman ƙarewa. A 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin hauren giwa a tsakaninsu.

Ita ma ƙasar ta sauya. Bompai ta zama unguwar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya daga shekarun 1970, a kan filayen da gonaki ne a da. Kano da ta yi safarar haure, sai ga kamfanonin jima na Challawa suna sarrafa fatun awaki da tumaki don fitarwa waje. Maƙerin da ke haɗa bindigar toka ya koma amfani da bututun ƙarfe da sandar sitiyarin mota.

Kammalawa

Maharbin yau ba shi da giwar da zai zaɓar wa makami, amma har yanzu yana rataye da bindigar toka, kuma wanda bai san sana'ar ba yana iya ɗaukarsa ɗan fashi. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo, akasarinsu mafarauta 'yan Jihar Kano, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Don haka ya kamata malaman makaranta su sanar da ɗalibai tarihin wannan sana'a, su kuma ziyarci dattawan maharba su rubuta abin da suka sani game da sango da dafi da bin sawu, tun masu wannan ilimi suna raye.