Tsani da Alƙali: Gasar Fasaha ta Talabijin a Idon Mutumin Tambuwal

A ƙarshen shekarar 2012 aka rufe zangon farko na shirin Nigeria's Got Talent, inda wata yarinya 'yar shekara 8, Amarachi Uyanne, ta cinye naira miliyan 10 da rawa. Shirin reshe ne na wani tsari da Simon Cowell ya ƙago, aka fara nuna shi a Amurka a 2006, Ingila ta bi sahu a 2007, daga nan aka shiga sayar da lasisinsa ƙasa-ƙasa. Kamfanin Airtel ne ya ɗauki nauyin na Nijeriya. Kiran da shirin ya yi mai faɗi ne: mawaƙi da ɗan rawa da mai barkwanci da mai dabo, yaro da babba, kowa ya zo ya gwada abin da Allah ya hore masa. Kafin shi an yi Project Fame tun 2008 da Nigerian Idol tun 2010, bayansa The Voice Nigeria ta zo a 2016. Duk da haka irin wannan gasa ba ta yi saiwa a wurare irin su Tambuwal da Kebbe na jihar Sakkwato ba. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, dalilin yana cikin ginin gasar kanta, musamman hanyar da ɗan takara ke bi ya iso dandamali da kuma wanda ke yanke masa hukunci.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce addini da kunya. Ba a rasa gaskiya a ciki ba. A 2016 kaɗai an ga yadda sukar malamai ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin fina-finai a Kofa ta jihar Kano, aka kuma ga ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa. Uban da ke Dogon Daji ko Kuchi ba zai saki 'yarsa ta je ta yi rawa a gaban kyamara ba. Amma rawa kashi ɗaya ce cikin abin da ake gasa a kai, kuma wanda ya tsaya a wannan amsa ya bar tambayar da sauranta.

Ƙasar nan ba baƙuwar gasa ba ce. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafa farkonsa daga 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, gasar fasahohi iri-iri ce tun kafin talabijin ta iso: ga su, ga tseren kwale-kwale, ga kokawa da dambe, ga kiɗa. A gayya samari kan yi rige-rigen kai kunya bakin gona, makaɗi na binsu yana kiran sunan wanda ya yi gaba. Ta fuskar fasahar baki kuwa, Tambuwal mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ce, wanda aka sani da waƙe, kuma tsohuwar ƙasar Sakkwato ita ta haifi Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan Anace. Mutanen da suka tashi da waɗannan a kunne ba za a koya musu sanin gwani ba.

Akwai ma gasar da ake nunawa a talabijin wadda ta shiga kowane lungu na wannan yanki, wato musabaƙar karatun Alƙur'ani da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986. Ba ana nufin jera Littafin Allah da wasan nishaɗi a sahu ɗaya ba, Allah ya tsare. Tsarin gudanarwar ne abin dubawa. Yaro kan fara daga makarantarsu, ya fito a matakin ƙaramar hukuma, ya wakilci Tambuwal ko Kebbe a matakin jiha, ya wakilci Sakkwato a na ƙasa, wanda ya yi fice kuma ya wakilci Nijeriya a Saudiyya. Kowa da ajinsa: mai izu 60 da tafsiri, mai izu 60, mai 40, mai 20, har zuwa ƙananan azuzuwa, maza daban mata daban. Ɗan takara zai zauna gaban alƙalai, a jawo masa farkon aya, ya ɗauka daga nan. In ya yi tuntuɓe sai a buga ƙararrawa. Zauren kan yi tsit, ɗan takarar ya koma baya ya sake ɗaukowa, leɓunan rabin mutanen da ke zaune suna motsi da ayar da ta kuɓuce masa. In ya kasa sai alƙali ya buɗa masa, a rage maki. Hadda da makinta, tajwidi da nasa, murya da nata.

Abu biyu ke nan musabaƙa ta mallaka. Na farko tsani: gasar ce ke zuwa garinku ta same ka. A tsarin Got Talent kuwa kai ne za ka nemi gasar, a 'yan manyan biranen da aka ware don tantancewa. Matashin da ke Kebbe sai ya fito titin Jega zuwa Sakkwato, ya biya kuɗin motar Abuja, ya nemi wurin kwana, ya tsaya layi, sannan ya gabatar da kansa cikin Turanci. An riga an tace shi da kuɗin mota tun bai buɗe baki ba. Na biyu ma'auni sananne. Wanda ya faɗi a musabaƙa ya san ayar da ya faɗi a kanta, malaminsa ya sani, 'yan kallo sun sani, don haka faɗuwar kan zama darasin baɗi.

A gasar talabijin alƙalai na da ƙarfi ne a zagayen farko kawai. Da an kai matakin ƙarshe sai hukunci ya koma hannun masu jefa ƙuri'a ta saƙon waya, kowane saƙo da kuɗinsa, kuma a irin waɗannan shirye-shirye mutum ɗaya kan iya turawa sau da yawa. In aka tuna cewa kamfanonin waya ne suka fi ɗaukar nauyinsu, Airtel ga Got Talent, MTN ga Project Fame, Etisalat ga Nigerian Idol a shekarunsa na farko, za a gane cewa ƙuri'ar ita kanta haja ce. Ba a cewa Amarachi ba ta cancanta ba, yarinyar ta iya abin da ta je yi. Magana ita ce tsarin na auna yawan magoya bayan da ke da kati a waya da wutar kallon talabijin da dare, kuma a wannan awo mutumin karkarar kudancin Sakkwato ya sha kaye tun kafin a kaɗa ganga.

Mai ja zai ce ai hukuncin taro ma al'adarmu ce, tunda liƙi da kari su ke nuna makaɗin da ya burge. Sai dai liƙi tukuici ne, ba ya naɗa sarkin kiɗa. A filin dambe ma, duk ihun 'yan kallo, wanda ya taɓa ƙasa shi aka kashe. Za a kuma iya cewa alƙalai mutane ne, suna da son rai. Haka ne, amma alƙalin da ke aiki da ma'aunin da aka shelanta ana iya kama shi in ya karkace. Ƙuri'ar da aka saya ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Matsala mafi wuya ita ce ta lokaci. Dandamalin talabijin kan ba ɗan takara minti biyu ko uku, shi kaɗai, da sautin da aka riga aka naɗa. Waƙar fada kuwa aikin ƙungiya ce: jagora ya yi jagoranci, 'yan amshi su karɓe su ƙara, masu taushi ko kotso su riƙe kari, sanƙira na gefe yana ɗaga zance. Ɗiyan waƙa sai sun taru kafin a ga inda zambo ya dosa. A yanke wannan zuwa minti biyu, abin da zai saura shi ne murya, alhali murya ce mafi ƙanƙanta cikin abin da ya sa Narambaɗa ya zama Narambaɗa. Kuma ba a rasa ma'aunin da za a yi alƙalanci da shi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa shi a Jagoran Nazarin Waƙar Baka: turke da tubalan gininsa, awon baka, salo da sarrafa harshe. Ɗaliban Hausa na rubuta jarrabawa a kansu kowace shekara, amma ilimin ya tsaya a aji.

Maƙwabtanmu sun nuna abin na yiwuwa. Tun 1975 Nijar ke gudanar da kokawar takobi, yau jihohi 8 kowace na tace 'yan kokawa 10 daga ƙasa ta turo, ana zagayawa da masauki, gidan Télé Sahel na nunawa kai tsaye. Ba su sayo lasisin kowa ba, kuma sunan Issaka Issaka na Doso ya ƙetaro iyaka har cikin kasuwanninmu.

A halin yanzu TikTok ce ta cike giɓin. Ta kawar da kuɗin mota, amma ta kawar da alƙali gaba ɗaya, shi ya sa mai batsa kan riga mai fasaha tara mabiya, mu kuma mu koma gefe muna tsine wa zamani. Gidan Rima Radiyo da Talabijin na da kyamara da zango, Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da masana, ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato na da filaye da hakimai. Su haɗu su shirya zango ɗaya na gwaji bayan an kai amfanin gona gida: rubutacciyar waƙa, waƙar noma, kiɗan fada, tatsuniya da wasan kwaikwayo, kowane da ajinsa da isasshen lokacinsa, a buga ma'aunin maki kowa ya gani tun kafin ranar. A fara tantancewa daga Jabo da Sanyinna da Kuchi, sannan a zo Sakkwato.