Ɗan riƙo: abin da ya kamata mai riƙo ya sani kan lafiya, asali da zumunta

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da ɗan riƙo ba. Wani an kai shi yaye wurin kaka ya zauna ke nan, wata an bai wa gwaggonta da Allah bai ba haihuwa ba, wani maraya ne, wani kuma karatu ya kawo shi birni. Mun tattaro muku muhimman abubuwa game da wannan amana.

Matsayin riƙo

Riƙo ba ya canza uba. A Musulunci ana kiran sa kafala: ka ciyar, ka tufatar, ka yi tarbiyya, amma yaro yana nan da sunan mahaifinsa. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ce ta tsaida wannan hukunci, shi ya sa Zaidu, wanda ya tashi a gidan Manzon Allah (SAW), ya koma amsa sunan ubansa Harisa. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ita ma ta ambaci kafala a sashe na 20.

Ɗan riƙo yana gadon iyayensa na jini, ba ya gadon mai riƙo. Amma ana iya yi masa kyauta tun ana raye, ko a bar masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. A rubuta, a sa shaidu, don mun sha jin yaron da ya yi shekara ashirin yana noma gonar gida, ranar rabon gado aka nuna masa ƙofa. Riƙo kuma ba ya mayar da yaro muharrami, sai fa in an shayar da shi nono cikin shekara biyu na farko. Wannan a nemi bayanin malamai.

Takardar haihuwa

Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwar yaro. In lokacin ya wuce, sai alƙali ya ba da takardar da za a kai ma'aikatar magajin gari a yi masa rajista. Kada mai riƙo ya sa sunansa a gurbin uba, wai don sauƙi. Ƙaryar takan dawo ranar gado ko ranar aure. Yaron da ba shi da takarda kuwa yakan makale lokacin jarrabawa, ko wajen neman katin ɗan ƙasa. Wanda ya tsinci jariri ya fara sanar da 'yan sanda ko jandarmomi, sannan alƙalin yara ya yanke inda za a ajiye shi.

Lafiya

Ranar da aka kawo muku yaro, ku karɓi karnensa na awo tare da kayansa. In babu, ku kai shi CSI mafi kusa a duba abin da ya rage. Ana yin BCG da haihuwa, allurar Penta a sati 6, 10 da 14, ta ƙyanda da shawara a wata 9. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauki matakin kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma ɗan riƙo yana ciki. Da damina, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59 suka zo, a ƙirga da shi, a kuma sa shi cikin gidan sauro.

Ku tambayi danginsa: akwai sikila a gidan? Akwai farfaɗiya ko asma? Me ya yi ajalin uwa? Amsar tana taimakon likita. Yaron da aka raba da nono kwatsam yana saurin kamuwa da tamowa. In igiyar awon damtse ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafu biyu suka kumbura, a tafi likita ranar nan.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Fitsarin kwance, ƙin cin abinci, shiru mai yawa ko ɓoye tuwo, sau da yawa kewar gida ce da tsoro. Bulala tana ƙara shi ne. A ja shi a jiki, a ba shi lokaci.

Asali

Yaro ya ji labarinsa daga bakinku tun yana ƙarami, daidai hankalinsa, kafin ya ji shi a bakin rijiya cikin gori. Ku faɗa masa sunan uwarsa da ubansa da garinsu, kada ku zage su a gabansa ko da sun yi laifi. In ɗan Zabarmawa ne, ko Fulani, ko Buzaye, ko Barebari, a bar shi da harshensa.

Zumunta

Zumunta a ƙafa take. A kai shi gida da salla ko lokacin hutun lakkwal, a ba shi waya ya gaisa da uwarsa, ya san 'yan'uwansa. Iyaye ma kada su miƙa ɗa su juya baya, su riƙa zuwa suna gani da idonsu. Tun farko manya su zauna su daidaita: wa zai biya kuɗin karatu da magani, har yaushe riƙon, wa zai aurar.

Ma'aunin riƙo na gari ba ɓoyayye ba ne: kwano ɗaya, ɗinkin salla ɗaya, makaranta ɗaya. In 'ya'yan gida suna aji, 'yar riƙo tana yawon talla da ɗibar ruwa, wannan riƙon sakainar kashi ne. Wanda ya ga haka ya yi wa mai unguwa, liman ko ma'aikatan kare yara magana, tunda mu ne muke cewa ɗa na kowa ne.