Tamar Dala da Masu Karatun Ƙasa

Duk wanda ya tashi a cikin Birni ya san Dala, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar abin da ya fara tara mutane a gindinta. Tama ce. Tarihi ya ce maƙeran Abagayawa sun taso daga Gaya neman dutsen da za su narka, suka same shi a nan. Gwajin da masana suka yi wa gawayin wani tsohon murhun narka tama ya nuna ana wannan aiki tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Gijimasu ya ɗora harsashin ganuwa.

A ganinmu waɗannan maƙera su ne masana duwatsunmu na farko. Ido da nauyin hannu su ne awonsu.

Da Turawa suka zo sai ilimin ya koma takarda. Falkona ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewa a 1911, aka kafa hukumar binciken ƙasa a 1919, kuzar Riruwai ta shiga taswira. Yau ana karanta fannin a Jami'ar Bayero, a Zariya kuwa har digirin digirgir.

Aikin kuma ba na ado ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Masu awon ƙasa da ruwa ne kaɗai za su gaya mana abin da ke kwance a rijiyoyin Birni da lakar Jakara. Mu marubuta kuwa, har yanzu jaruman littattafanmu ba su wuce alhaji da likita da soja ba.