Siffar "Native" da Hausawan Fashaga

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman siffar nan ta Ingilishi, "native", zai tarar da ma'anoni a jere. Tushenta Latin ne, daga aikatau mai nufin haihuwa. Ana faɗarta ga haifaffen gari, da harshen uwa, da tsiron da asalinsa na wata ƙasa ne, da kuma halin da aka haifi mutum da shi. Takwarorinta sun haɗa da "indigenous" da "local" da "aboriginal" da "inborn". A cikin aji ana iya musanya wasunsu ba tare da an yi ɓarna ba. Amma da kalmar ta shiga takardun mulki, zaɓen ma'ana ɗaya daga cikinsu ya zama hukunci a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Tarihin Hausawan gabashin Sudan ya nuna haka a fili.

A bakin Turawan mulkin mallaka, "native" na nufin duk wanda ake mulka wanda ba Bature ba. Daga nan aka sami "Native Authority" a Arewacin Nijeriya, wadda Hausawa suka ɗauki haruffanta biyu na farko suka mai da su En'e. Tsarin ya ci gaba da aiki, tare da sauye-sauye, har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. A Kano ko Sakkwato kalmar ba ta ware Bahaushe ba, domin a ƙasarsa yake, ƙarƙashin sarkinsa.

A Sudan, wadda Ingila da Masar suka yi wa mulkin haɗin gwiwa daga 1899, an kafa irin wannan tsari, ana ce masa "al-idara al-ahliyya" da Larabci. Dokokin 1922 da 1927 sun ba shugabannin ƙabilu ikon shari'a. Sai dai a can kalmar ta karkata ga wata ma'ana: ƙabilar da ke da "dar", wato ƙasar gado, da nazir mai riƙe da ita. A yankin Gadarif, irin wannan matsayi ya faɗa hannun ƙabilu kamar Shukriyya da Dabaniyya. Wanda ƙabilarsa ba ta da dar, to a ƙasar wani yake zaune, ko da a nan aka yanke masa cibiya.

Fashaga tana cikin wannan yanki, a kan iyakar Habasha, ƙasa ce mai albarkar dawa da riɗi wadda kogunan Atbara da Setit ke ratsawa. Mutanen yammacin Afirka sun daɗe da sanin hanyar, domin ta nan mahajjata ke bi zuwa gaɓar Bahar Maliya. Garin Gallabat, kudu da Fashaga, Takarir ne suka raya shi tun kafin zuwan Turawa. Babban ƙaura ya biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu ayarori suka biyo baya, suka bazu zuwa Gadarif da bakin kogunanta, suna noma da kamun kifi. Mutanen ƙasa suka haɗa Hausawa da Fulani da Barebari a suna ɗaya: Fallata, ko Takari.

A 1948 aka yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan. Ta ɗora sharaɗin cewa mutum, ko iyayensa ta wajen uba, sun zauna a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta riƙe wannan rana. Ke nan waɗanda suka baro Burmi sun makara da aƙalla shekara shida. Jikansu da aka haifa a bakin Atbara "native" ne a ma'anar haihuwa, amma ba "native" ba ne a ma'anar tsatso, kuma ta biyun doka ta zaɓa. A dokar 1994 an mai da ranar 1 ga Janairu, 1956, ranar samun 'yancin kai. Duk da haka, sunan Fallata bai daina ɗaukar ƙanshin baƙunci a bakin wasu ba.

Saboda haka mai fassara zuwa Hausa ya yi hattara. Hausa ta rarrabe abin da Ingilishi ya cusa a kalma ɗaya: haifaffen wuri daban, ɗan asali daban, ɗan ƙasa daban, na gargajiya daban. Idan takarda ta ce wani "native" ne na Fashaga, wajibi ne a duba shekarar da aka rubuta ta da hukumar da ta rubuta, kafin a zaɓi ɗaya daga cikin huɗun.