Asalin Garin Agege

Wanda ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Agege a Legas yau, ya ga yadda mutane ke gogayyar kafaɗa tsakanin motocin danfo da masu talla, ba zai yarda cewa nan kurmi ne a da ba. To, kurmi ne, mai duhun itace, kuma daga itacen nan garin ya sami sunansa.

Masu ƙasar tun asali su ne Awori, wani reshe na Yarabawa. Tsofaffinsu suna ba da labari cewa kakansu Olofin Ogunfunminire ya taso daga Ile-Ife, aka ba shi wani kasko, aka ce ya ɗora shi bisa ruwan kogin Ogun ya bi shi, duk inda ya nutse nan ne mazauninsa. Kaskon ya yi ta tafiya yana tsayawa, suna yada zango, har ya nutse. Mutane suka ce "awo ri", wato kasko ya nutse, sunan ya bi su. Daga Isheri, ɗaya daga wuraren da suka yada zango, zuriyarsu ta bazu ta kafa ƙauyuka, cikinsu har da wanda ake kira Orile Agege yanzu. Kalmar "orile" a Yarabanci tana nufin tushen gari.

Shi kuwa sunan Agege, an ce daga masu saran itace ya fito. Yarabawa suna kiran mai wannan sana'a "age igi", da baki ya saba da faɗa sai ya koma Agege. Mutane da yawa a garin suna cewa Hausawa ne masu saran, waɗanda suka riƙa share daji suna sayar da itace.

Abin da ya mai da ƙauye gari shi ne layin dogo. Turawan Ingila suka soma shimfiɗa shi daga Ikko, wato Legas, a ƙarshen ƙarni na 19, ya ratsa ta Agege, ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Da aka kafa tasha, sai jama'a suka fara barin tsofaffin ƙauyuka suna matsowa bakin dogo, don inda jirgi ke tsayawa nan ciniki yake. A wannan zamani ne wasu attajiran Ikko suka buɗe manyan gonakin koko a yankin. Fitacce a cikinsu shi ne J. K. Coker, mai gona a Ifako, wanda shi da abokansa suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Leburori suka riƙa zuwa daga cikin ƙasar Yarabawa, su yi ƙodago, su koma gida da irin koko da sanin yadda ake nomansa.

Amma goro shi ne ya ƙulla Agege da Arewa, kuma nan ne labarin ya fi shafarmu. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya Gwanja da jakuna, wata da watanni, don su sayo goro. Yarabawa suna da nasu goron mai ɓari da yawa, wanda suke kira abata, amma ba shi Bahaushe ke nema ba. Da aka kawo irin goron Gwanja aka dasa a gonakin Agege da kewayenta, ya karɓi ƙasar, Yarabawa suka raɗa masa suna "gbanja", har gobe haka suke kiransa. Ka ga ke nan sunan wata ƙasa da ke Ghana ya shiga bakin Bayarabe. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Falke ya hau jirgi a Kano, ya sauka Agege gidan maigidansa, dillali ya haɗa shi da matan Yarabawa masu kawo goro daga gona, a tsince, a jera cikin ganye, a ɗaure huhu, a loda a tarago. Unguwar da baƙin suka sauka ita ce Zango, Yarabawa suna cewa Sango. Suka yi masallatai, suka yi aure, aka naɗa musu Sarkin Hausawa. Akwai gidaje a can da kaka da uba da jika duk a Agege aka yanke musu cibiya, Hausarsu da Yarabancinsu ba ka iya cewa ga wanda ya fi.

Ni dai a ganina, abin yabo ne ga Awori da suka buɗe ƙofa, abin yabo ne kuma ga baƙin da suka san girman mai masauki. Sarautar ƙasa tana hannun Olu na Agege da Alayige na Orile Agege.

Ilimi ma ya biyo hanya. Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya kafa makarantarsa ta Larabci, Markaz, a Abeokuta a 1952, bayan 'yan shekaru ya kawo ta Agege, ta yaye malamai da suka bazu ƙasar Yarabawa da maƙwabta. Ga babbar mayanka ta Oko-Oba, inda shanun Arewa ke ƙarewa. Ga kuma burodin nan mai laushi da danƙo, wanda duk inda aka gasa shi a Nijeriya sunan Agege ake kiransa da shi.

Wajen mulki, an ba Agege majalisarta a 1954, aka haɗe ta da Ikeja a 1967, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Legas, sannan ta sake tsayawa da ƙafarta a 1989. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 450,000 a cikinta, a fili da bai kai murabba'in kilomita 20 ba. Gonakin koko da na goro duk gini ya cinye su. Cunkoso ya kai ga sai da aka yi gadar sama a Pen Cinema, aka buɗe ta a 2021.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Legas, ka daure ka leƙa Zango, ka zauna wajen dattawan 'yan goro, ka tambaye su yadda iyayensu suka zo. Waɗanda suka ga zamanin huhu da tarago da idonsu sun soma ƙaranci.