Ciwon gwiwa a Tasawa da Mayahi: daga ƙahon wanzami zuwa hoton likita

Tun kafin asibiti ya iso ƙasar Tasawa da Mayahi, ciwon gwiwa yana da masu duba shi. In dattijo ya fara jin ƙas-ƙas wajen tashi daga sujada, sai a ce sanyi ne: wanzami ya yi ƙaho, a murza man kaɗanya, in ta kumbura a yi sakiya. Wanda ya faɗo daga amalanke kuwa, sai mai ɗori. Sakiya ta bar wa mutane da yawa miki, amma masu aikin nan sukan taɓa gwiwar da hannu, su tambayi yadda ciwon ya soma.

A 1895 Röntgen ya gano hoton ƙashi a Jamus, daga shekarun 1980 kuma na'urar MRI ta fara nuna guringuntsi da jijiyoyi. Labarin ya riga na'urorin isowa karkara. Yau manomi daga Kanembakashe ko Urafan yakan sayar da tiyoyin hatsi ya kama hanyar Maraɗi, wani har Yamai ko Kano, don a yi masa "radiyo". In likita ya murza gwiwar ya ce ba sai an yi hoto ba, yakan koma gida yana ganin ba a duba shi ba. Ga shi tun bayan tsarin Bamako na 1987, aljihun majinyaci ke ɗaukar kuɗin.

Masu na'urorin da kansu sun ja da baya. A wani bincike na Houston ta Amurka da aka buga a 2002, an raba majinyata 180 masu zaizayar gwiwa: wasu aka yi musu tiyatar wanke gaɓa, wasu aka tsaga fata kawai aka ɗinke. Bayan shekara biyu sauƙinsu ɗaya ne. A 2008 binciken Framingham ya nuna kashi 61 cikin 100 na waɗanda MRI ta ga yagewar guringuntsi a gwiwarsu ba su ji ciwo ba a watan da ya gabata. Ita ma hukumar NICE ta Ingila ta ce mai shekara 45 zuwa sama, wanda ciwonsa ke tashi da aiki, kuma sandarewar safiya ba ta wuce minti 30, ba ya buƙatar hoto kafin a fara yi masa magani.

Maganin shi ne ƙarfafa naman cinya, tafiya daidai ƙarfi, rage ƙiba ga mai ita, da maganin ciwo na ɗan lokaci. A nan ne nake ganin muka gaza. Tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a daka da jan guga ba ta da mai koya mata motsa ƙafa, sai mai tallan magani ranar kasuwa ya cika mata leda da taramol da diklofenak, wanda yawan shansa ke ɓata ƙoda da ciki. Ma'aikacin cibiyar lafiya (CSI) zai iya koyar da wannan motsi a kan tabarma.

Hoto yana da ranarsa. Ƙa'idar Ottawa ta 1995 ta ce a yi shi bayan rauni in mutum ya kai shekara 55, ko ya kasa taku huɗu, ko gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Gwiwar da ta kumbura da zafi da zazzaɓi kuwa, musamman ta yaro mai amosanin jini, a kai ta asibitin Tasawa ko na Mayahi a ranar.