Fada Joseph Kenny da Littattafan Zaure: Martani ga Mai Kiransa Ɗan Leƙen Asiri

Wani manazarci ya sake tayar da tsohon ra'ayin nan cewa duk limamin cocin da ya karanci Musulunci a ƙasar Hausa makami kawai ya zo nema, kuma ya kafa misali da Fada Joseph Kenny (1936–2013). A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa.

Tarihin mutumin sananne ne ga masu wannan fage. Ba'amurke ne ɗan ɗariƙar Dominikan ta cocin Katolika, ya iso Nijeriya a 1964, ya yi aiki a yankin Sakkwato, ya koyi Hausa da Larabci, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Edinbara a 1970, sannan ya shafe shekaru fiye da ashirin yana koyarwa a Jami'ar Ibadan.

Hujjar manazarcin ta farko ita ce cocin ce ta turo shi. Haka ne, babu mai musu. Amma a duba abin da ya zaɓa ya karanta. Lokacin da akasarin Turawa masu bincike suka duƙufa kan yaƙe-yaƙen jihadi da tsarin sarauta, Kenny ya nufi tauhidin Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya gina kundinsa a kan littafin Sanusi mai suna Aƙidatul Wusɗa (Kenny, 1970). Sanusin nan shi ne mai Ummul Barahin, wanda almajirai ke ɗauka a gaban malam daga Sakkwato har Damagaram da Gure, inda ake fara rarrabe wajibi da mustahili da ja'izi kafin a shiga siffofin Allah ashirin. Mai neman abin suka yana da hanyoyi masu sauƙi. Da wuya ya ƙare ƙuruciyarsa a kan mas'alolin da ko ɗalibin zaure sai ya yi gumi. Na fi zaton tarbiyyar Kenny ce ta ja shi, domin 'yan Dominikan magada ne na Toma Akwinas, wanda shi ma ya kafa hujjojin samuwar Ubangiji da ma'aunin manɗiƙi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: Kenny ya rayu ya mutu yana Kirista, kuma a rubuce-rubucensa kan farkon Musulunci akwai maganganun da Musulmi ba zai amince da su ba. Wannan gaskiya ce, kuma dole ta taƙaita da'awata. Ba na cewa ya yarda da abin da ya karanta, abin da ke zuci kuwa Allah ne masani. Iyakar abin da shaidu suka ba ni damar faɗa shi ne, a wajen naƙalto matanin malamanmu ya riƙe amana gwargwadon iyawarsa. Babban dalilina shi ne fassararsa ta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani zuwa Ingilishi, wadda cibiyar Islamic Education Trust ta Minna ta buga a 1992. Cibiyar da Shaihu Ahmad Lemu da Hajiya Aisha Lemu suke cikin waɗanda suka kafa ta ba za ta ɗora sunanta a kan fiƙihun Malikiyya da aka gurɓata ba, ko wane ne mai fassarar.

Manazarcin zai iya cewa buga littafi ba wanke marubuci ba ne. To, sai ya kawo shafi da layi inda aka karkatar da ma'ana, abin da har yanzu bai yi ba. Ina kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Bayero da Jami'ar André Salifou ta Damagaram su sa ɗalibai su gwada fassarar Kenny da matanin Larabci babi-babi, tare da malaman zaure, kafin a yanke masa hukunci.